Amsa ga 'yar'uwa kan ƙanenta da ke karatu a Amurka

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce tun ranar da 'yan sanda suka tsayar da ƙanenki, suka kwantar da shi a kan titi bai yi laifin komai ba, barci ya ƙaurace masa, ko jiniya ya ji sai gabansa ya faɗi. Kina tambaya ko aljanu ne.

Ni dai ban ga aljanu a nan ba, firgici ne ya zauna masa a jiki. Duk baƙar fatar da ya kalli yadda wani ɗan sanda ya danne wuyan baƙar fatar nan George Floyd da gwiwa sama da minti tara a Miniyapolis, ranar 25 ga Mayu 2020, ya san abin da ke zuwa zuciya idan ɗan sanda ya matso. Ni kaina na yi wata biyu hannuna na rawa a kan sitiyari duk lokacin da na hango motarsu ta madubi.

Don Allah kar ki ce masa "ai kai namiji ne, ka daure". Wannan maganar ce ke sa su yin shiru. Ki kira shi, ki bar shi ya yi magana ko sau goma ne.

Addu'a ta ci gaba, amma ya je ofishin ba da shawara na jami'arsu, ya nemi a haɗa shi da baƙar fata idan akwai. Idan kuwa ya fara zancen gajiya da rayuwa, ya kira 988, layin taimakon masu tunanin kashe kansu a Amurka, dare ko rana.