Tambaya da Amsa: Shayin da Aka Kawo Mini Daga Sin Ya Yi Ɗaci, Ta Ina Zan Fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Yayana ɗan kasuwa ne mai zuwa saro kaya Guangzhou, kuma a tafiyarsa ta baya ya yo mini tsarabar ganyen shayi gwangwani 3 daga kasuwar Fangcun. An rubuta Longjing a jikin ɗaya, Tieguanyin a na biyu, Pu'er a na uku. Na dafa na farkon yadda muke dafa shayin Buzaye a majalisa, sai ya fito da ɗaci da bauri, ban iya sha ba sai da na cika masa sukari. Ina sha'awar sanin waɗannan shayi sosai. Ta ina zan fara? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Laifin ba na ganyen ba ne, na wutar ne. Ganyen da ake dafawa a majalisa shi ma koren shayin Sin ne, galibi irin wanda ake murzawa ya dunƙule kamar ƙwayar gero, amma an saba a tafasa shi a kan gawayi har ya yi kauri, sannan sukari da na'a-na'a su danne ɗacinsa. Longjing kuwa ba ya jure tafasa ko kaɗan. Toho ne mai taushi da ake tsinka a tsaunukan da ke kewaye da Tafkin Yamma na birnin Hangzhou, a lardin Zhejiang, a gasa shi a kasko ana danna shi da tafin hannu har ya baje, kuma wanda ya fi tsada shi ne wanda aka tsinka kafin Qingming, bikin ziyarar kaburburan magabata da Sinawa ke yi a farkon watan Afrilu. Jiƙa shi ake yi, ba dafawa ba. Ka tafasa ruwa ka sauke, ka bar shi ya huce zuwa wajen digiri 80, ka zuba a kan giram 3 na ganye a kofin gilashi, ka jira minti 2. Ruwan zai fito fatsi-fatsi mai ɗan kore, da ƙamshi mai kama da na soyayyar gyaɗa.

Abin da ya kamata ka fara fahimta shi ne, gwangwanayen nan uku duka daga tsiro iri ɗaya suka fito. Sarrafawa ce ta raba su. Ka lura da goro idan aka ɓare shi aka ajiye, yadda iska ke rina shi ya yi duhu. Haka ganyen shayi yake yi bayan an tsinke shi. Idan aka yi maza aka gasa shi kafin iska ta taɓa shi, ya zama kore. Idan aka bar ta ta gama aikinta, ya zama abin da muke kira baƙin shayi, su Sinawa kuma suke kira jan shayi saboda launin ruwansa. Da wannan da sauran dabarun sarrafawa suka kasa shayinsu gida 6: kore, fari, rawaya, ulon, ja, da kuma wanda su suke kira baƙi, wanda ya sha bamban da namu baƙin shayin. A shekarar 2022 hukumar UNESCO ta sanya waɗannan dabaru cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada.

Tieguanyin ɗinka ulon ne daga gundumar Anxi ta lardin Fujian, wato na tsakiya tsakanin kore da ja, kuma a ganina da shi ya fi dacewa ka koyi ɗanɗano, domin ba ya saurin ɓaci a hannun sabon shiga. Ka samu ƙaramar buta, ko kuma kofin tangaran mai murfi da suke kira gaiwan, mai cin kamar mililita 120. Ka zuba ganye giram 6, ka kwarara masa tafasasshen ruwa, ka zubar da wannan na farkon nan take don ganyen ya buɗe, sannan ka sake zubawa ka tsiyaye bayan daƙiƙa 20. Ganye ɗaya zai ba ka zagaye 6 ko 7, kana ƙara ɗan lokaci a kowane zagaye. Wanda ya saba da zagaye uku na majalisa ba zai ga baƙon abu a nan ba, sai dai a wannan babu sukari, kuma abin da ake bibiya shi ne yadda ƙamshin fure na farko ke ja da baya, wani zaƙi mara nauyi ya riƙa tasowa a maƙogwaro bayan an haɗiye. Za ka ga ƙwayoyin da ba su rufe gindin kofi ba sun warware sun cika shi fal da cikakkun ganyaye.

Pu'er na lardin Yunnan ne, kuma ina ba ka shawara ka bar shi zuwa ƙarshe. Iri biyu ne: ɗanye, wanda ake ajiyewa shekaru yana nuna a hankali, da nunanne, wanda tun 1973 aka gano dabarar tara shi a jiƙe don ya nuna cikin makonni. Nunannen yana da ruwa mai duhu da ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko na damina, abin da kan sa wasu su ɗauka ya lalace. Yana son tafasasshen ruwa da ɗauraya sau biyu kafin a sha.

Sauran aiki na harshe ne. Kada ka ɗanɗana shayi bayan ka ci yaji ko goro, kuma ka guji ruwan rijiya mai gishiri-gishiri ko na famfo mai warin magani, domin ruwa shi ne kusan dukan abin da ke cikin kofin. Ka tanadi ɗan littafi kana rubuta nauyin ganye, zafin ruwa, tsawon jiƙo da abin da ka ji, kana sauya abu ɗaya tak a kowace rana.

Wajen ajiya, ganyen shayi yana zuƙar wari ƙwarai, don haka ka nisanta shi da ɗakin girki, da daddawa, da turaren wuta. Longjing ba ya son tsufa, musamman a zafin bazarar Kano. Ka rufe shi ruf ka sa a firji idan akwai wuta, ka shanye shi cikin 'yan watanni. Pu'er ɗin kuwa ka bar shi a inuwa inda iska ke ɗan ratsawa, ka riƙa duba shi da damina kada ya yi fumfuna.