Hoto kaɗai ba ya ƙera kwalkwali

Ka tambaya ko hoto ya isa ka ƙera kwalkwalin yaƙin Turai na ƙarni na 15. Ɗan'uwa, bai isa ba, domin hoto ba ya nuna kaurin ƙarfe. Maƙeran Milan, irin gidan Missaglia, da guduma suke tayar da ƙoƙon kwalkwali daga farantin ƙarfe guda, goshi da kauri, gefe da baya sirara, don kada nauyi ya gajiyar da wuya. Nemi awo da nauyin na asali, kamar waɗanda ke gidan tarihin Wallace a Landan.

Sannan ka fara ɗinka hular ciki mai laushi, ka auna kanka da ita. Nawa na farko ban yi haka ba, ramin ido ya sauko mini kan kumatu.