Kumba mai jan jini ta gaɓar Afirka ta Yamma: wace iri ce, kuma tana ƙara jini?

Tambaya: Malam, ɗalibar kimiyyar kifi ce ni a Ghana. Kumbar nan mai jan ruwa a ciki, wani littafi ya kira ta Anadara senilis, wani Senilia senilis. Wanne zan rubuta? Sannan yayata na da juna biyu, an ce ta riƙa shan ta ɗanya don ƙarin jini. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: 'Yata, duka halitta ɗaya ce. Masanin halittu Linnaeus ya sa mata Arca senilis a 1758, daga baya aka mayar da ita cikin Anadara, yanzu Senilia senilis ake rubutawa. 'Yar dangin Arcidae ce, kada ki haɗa ta da Cardiidae, wani dangin kumba daban, don kamannin ɓawo. Gaɓar Afirka ta Yamma kaɗai take, daga wajen Muritaniya har Angola, a binne cikin laka inda kogi ke haɗuwa da teku ruwan ya yi zartsi. A Salum ta Senegal har tuddai aka tara da ɓawonta.

Maganar yayarki ce ta fi damuna. Ki hana ta yau, kada ki bari sai gobe.

Jan ruwan nan himogulobin ne, wato sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini, da shi kumbar take rayuwa a laka mai ƙarancin iska. Masu tallan magani suka ga ja, sai suka ce jini ne zai shiga jini. Na gaji da jin wannan magana, wallahi. Abin da aka haɗiye ciki yake zuwa ya narke, ba ya zarcewa jijiya. Ita kuwa kumba tace ruwa take yi dare da rana, duk ƙazantar da gari ya zubar a bakin kogi a jikinta take taruwa, har da ƙwayar ciwon hanta. A Shanghai ta ƙasar Sin, a 1988, kusan mutum 300,000 suka kamu da ciwon hanta nau'in A bayan cin wata kumba 'yar uwar wannan da ba ta dahu ba. Matsa lemun tsami ba ya kashe ƙwayar, yaji ma haka. Buɗewar ɓawo a tukunya kuma ba dahuwa ba ce, a bar ta ta ci gaba da tafasa sosai bayan ta buɗe.

Mai ciki da ke jiri da kasala, asibiti za a kai ta a auna jininta a ba ta ƙwayoyin ƙarin jini. In ta riga ta ci, ku sa ido kan idonta da fitsarinta. Da kun ga alamar shawara, ku tafi asibiti a ranar.