Shin likita zai iya gane lalurar otizim ta kiran bidiyo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ƙanwata tana aure a wani ƙauye a ƙaramar hukumar Doguwa, kuma ɗanta ya cika shekara biyu amma har yanzu ba ya magana, ko an kira sunansa ba ya waiwayowa. Na ji an ce likita yana iya duba irin wannan yaro ta waya. Gaskiya ne, ko kuwa sai an kawo shi Kano?
Daga wata mai karatu, Ɗorayi.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya raya shi, Hajiya. Gaskiya ne, amma da sharaɗi. Irin waɗannan alamomi kan sa a yi zargin otizim, wadda wasu ke kira galahanga, wato lalurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane. Ba a gane ta ta gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa. Likita yana lura ne da yadda yaro ke mu'amala da mutane, sannan ya ji tarihinsa daga bakin iyaye, kuma kyamara tana iya ɗauko mafi yawan wannan. Masana a Jami'ar Vanderbilt ta Amurka sun tsara wata hanya mai suna TELE-ASD-PEDS domin yara 'yan ƙasa da shekara 3, wadda aka yi amfani da ita sosai lokacin annobar korona a 2020.

A wannan tsari, uwa ce hannun likita. Za a jingine wayar inda za ta hasko ɗakin, sai likita ya ce ta kira sunan yaron, ta yi masa wasa, ta kuma miƙa masa abin da yake kwaɗayi a cikin roba mai murfin da ba zai iya buɗewa ba. Abin da likitan ke nema shi ne ko yaron zai ɗago ya dubi fuskarta yana neman taimako, ko kuwa hannunta kawai zai jawo ya ɗora a kan murfin ba tare da sun haɗa ido ba. Wannan ɗan bambanci yana da nauyi ƙwarai, kuma ana iya ganinsa a gida, inda yaro ya saba.

Sai dai waya ba ta gwada kunne, alhali yaron da ba ya ji sosai shi ma yakan makara wajen magana, ya kuma ƙi amsa kira. Saboda haka a ganina zuwa Kano sau ɗaya ba makawa, domin a gwada jinsa, likitan yara kuma ya gan shi ido da ido, misali a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Idan likitan ya amince, bibiya da koya wa uwa dabarun janyo shi ga magana suna iya gudana ta bidiyo, muddin akwai sabis mai ƙarfi.

Kafin su taso, ƙanwarki ta ɗauki gajerun bidiyonsa yana wasa da yana cin abinci, ta zo da su. Duk wanda kuma ya kalli bidiyo ɗaya a WhatsApp ya yanke hukunci, har ya tallata mata magani, ta guje shi, domin babu ƙwayar da ke warkar da otizim.