Amsa: Gubar dalma tana kama ƙananan namun daji?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko dalmar da ta gurɓata ƙasa a wuraren haƙar zinariya na Zamfara tana cutar da su gafiya da kurege. Wallahi tana cutar da su ƙwarai.

Ka tuna a 2010, lokacin da yara sama da 400 suka rasu sanadiyyar gubar dalma a yankunan Anka da Bukkuyum, agwagi ne suka fara mutuwa kafin a farga. To ina ga dabbar da raminta ke cikin ƙasar nan, tana shaƙar ƙura, tana lasar jikinta?

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce jaɓa, sai bushiya. Abincinsu ƙwari ne da tana, ita kuwa tanar, ƙasa take haɗiya, gubar na taruwa a jikinta. Dalma ba ta ruɓewa. Tana zama a ƙashi da ƙoda, ta taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage haihuwa. Mujiyar da ta kama ɓeran ma ba ta tsira ba.

Don Allah ka gaya wa yaran da ke farautar gafiya kusa da injinan niƙan dutse su daina ci, musamman hanta da ƙoda. Gashi ko dafuwa ba ya cire dalma daga nama.