Zauren Anti: Ƙanwata na zabura da ƙarar babur, ko sauti zai yi mata magani?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ƙanwata tana wurina nan Tawa wata biyar ke nan, tun daren da 'yan bindiga suka shiga ƙauyen da take aure a kan babura. Allah ya tsare ta da yaranta, amma har yau in ɗan kabu-kabu ya wuce ƙofar gida sai ta zabura, jikinta ya ɗauki ɓari, zufa ta karyo mata. Barci kuwa sai ɓarawo. Maigidana ya ce a riƙa kunna mata ruƙiyya da ƙarfi har asuba. Ɗana kuma ya samo wani sauti a YouTube, wai 528 Hz mai gyara ƙwaƙwalwa. Muka sa mata a kunne, ta fizge abin ta fashe da kuka. Wanne za mu bi? Daga wata 'yar'uwa a Tawa.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwata, Allah ya ba ta lafiya, ya saka miki da kika riƙe ta. Kukan nan da ta yi amsa ce ta ba ku, kuma ni ina bayanta.

Ki fara gane abin da ke faruwa a jikinta. Mutum in ya ga mutuwa muraran, jiki kan zubo sinadarin adirenalin cikin jini, zuciya ta yi ta dukan uku-uku, numfashi ya gajarce, don a samu gudu. Ga wasu, ko bayan an tsira jikin ba ya yarda cewa an tsira. Kunnenta ya haɗa ƙarar babur da wancan daren, kuma yana aika saƙon haɗari tun kafin hankalinta ya ce mata ai ɗan kabu-kabu ne kawai. Ba raki ba ne, ba kuma raunin imani ba. A jihar nan ba ita kaɗai ba ce: waɗanda suka kashe mutum 137 a ƙauyukan Tillia ranar 21 ga Maris 2021, a kan babura suka zo.

Abin da aka ƙwace mata a daren shi ne iko. Sauti ya zo mata cikin duhu ba da izininta ba, ba ta da yadda za ta tsayar da shi. To ku duba abin da kuka yi da kyakkyawar niyya: an toshe mata kunne biyu, ba ta jin motsin yaranta, wani ne ke riƙe da salula. Haka ma lasifika har asuba. Karatun Alƙur'ani waraka ne ga zukatanmu, ba na jayayya da maigidanki a nan. Amma ƙarar na'urar fa? Ku tambaye ta wane mai karatu take so, wace sura. A sa ƙasa-ƙasa, da rana, ƙofa a buɗe, idonta biyu in ta ga dama, minti biyar ya isa da farko. Salular a hannunta za ta zauna. Ta kashe ko a tsakiyar aya, kada wanda ya ce mata uffan, balle a ce aljani ne ya ji zafi.

Na fi son ma sautin ya fito daga bakinta. Fitar da numfashi a hankali, ya fi shaƙarsa tsawo, yana rage gudun zuciya, kuma mai karatu da jan madda ko mai rera waƙar reno tana yin hakan ba tare da ta sani ba. Ki zauna gefenta, ba bayanta ba, ku yi tasbihi tare, ko ta yi wa autanta waƙa. In kika ga idonta ya kafe wuri guda ko hannunta na rawa, ku tsaya, ki kira sunanta, ki miƙa mata ruwan randa.

Batun 528 Hz kuwa, yaro ya yi ƙoƙari, a gode masa. Babu ingantaccen binciken da ya nuna wata lambar sauti na goge firgici. Masu ɗora su kallo suke nema.

Wata biyar ya wuce a zauna jira. In irin wannan ya haura wata ɗaya, likitoci na duba ko ciwon firgici ne da ake kira PTSD, kuma yana da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2013 ta ba da shawarar jinyar tattaunawa da ƙwararre, da wata hanyar jinya mai amfani da motsin ido, mai suna EMDR. Ki fara da CSI, wato cibiyar lafiya ta unguwarku, ki nemi a tura ku babban asibitin Tawa; a Yamai ma akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Ƙasa. Kada ku saya mata ƙwayar barci wurin masu tallar magani a kasuwa, irin su diyazefam saurin kama jiki gare su. In kuwa ta taɓa furta cewa gara ta mutu, kada ku kwana, ku kai ta a ranar.