Saƙon ɓatanci a farkon zamanin intanet: laifin wa?

Malam, tambayarka ita ce: in mutum ya ɓata sunan wani a cibiyoyin kwamfuta na da, shi za a kama ko kamfanin da ke da cibiyar?

A Amurka, a 1991 kotu ta wanke CompuServe, wani kamfani mai irin wannan cibiya, ta ce tamkar mai shagon littattafai ne da bai san abin da ke cikin hajarsa ba. A 1995 kuwa wani kamfani irinsa, Prodigy, ya kwana ciki, don yana tace saƙonni, sai aka ɗauke shi mawallafi. Mai gyara ya zama mai laifi ke nan! Shi ya sa Majalisa ta kawo Sashe na 230 na dokar sadarwa a 1996, ta kare kamfanonin.

Kada dai ka ruɗe, sashen bai kare marubucin ba, kuma ba ya aiki a Najeriya. In ƙara ce a gabanka, nemi lauya.